Harawar Malam Andrawus

Malam Andrawus na unguwar Ɗan Iya malamin lissafi ne, kuma ban taɓa ganin wanda alli ya ruɗa kamarsa ba. Maƙwabcina ne shekara goma sha ɗaya. Ko shayi ba ya sha sai ya tsoma ma'aunin zafi a kofin. Matarsa Agnes ta daɗe da daina yi masa magana a kai.

A kakar 1958 wani Bafulatani, Hammajoda, ya roƙi ya ajiye harawar shanunsa a gidan Malam, saboda shanunsa bakwai da ita za su ci rani. Kowa a Bauchi ya san harawa dami-dami ake ɗaurewa a ɗora kan rufi ko reshen bishiya ta sha iska. Malam ya ce wannan aikin jahilai ne. Ya sa aka zuba ta a ɗaki da sauran danshinta, aka danne, aka rufe ƙofa.

Kwana uku sai ɗakin ya fara ɗumi. Malam har murna ya yi, ya samu abin aunawa. Jiya zafin ya ƙaru da biyu, yau ma da biyu. Ya ɗauko rula ya ja layi miƙaƙƙe a littafinsa, ya ce sai an yi kwana arba'in kafin a damu, kafin nan kuwa harawa ta bushe.

Hammajoda ya zo, ya cusa hannu cikin tarin har gwiwar hannu, ya zaro da sauri.

"Malam, a baza ta yau. Zafin tari zafi yake haifa. In ya yi nisa, gudu yake ƙarawa."

"Kai ka san lissafi ne?" in ji Malam.

Kwana na shida zafin ya ƙaru da biyar, washegari da goma sha biyu. Malam ya ce ma'aunin ne ya lalace, ya aika a aro masa wani. Rana ta tara da hantsi hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. Mu maƙwabta muka yi ta jigilar ruwa, haushi kamar ya kashe ni, shi kuwa yana tsaye yana duba agogo.

Harawar ta ƙone ƙurmus. Shanu uku ne suka kai damina. Malam ya sa farar rigarsa ya je jaje rugar Hammajoda, ya buɗe littafi zai nuna inda kuskuren ya shigo. Hammajoda ya nuna masa turakun shanu huɗu da ba komai a kansu.

"Ga ɗalibanka can, Malam. Je ka yi musu bayani."