Farar Damas ɗin Holmirza

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Holmirza a Namangan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jigilar fasinja tsakanin kasuwa da ƙauyukan bayan gari, goman ƙarshe a wata farar Damas, ƙaramar bas da ƙofarta ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa ɗaya, Nodir, ya tafi aikin gini Rasha, ya yi aure can. Wayar da yake bugowa duk Juma'a ta koma daga sallah sai sallah.

Duk kaka Holmirza yakan sa hularsa ta fita, ya je rumfar Zebiniso mai yankar inshora a bakin tasha. Takardar tana da gurbin sunayen waɗanda aka yarda su tuƙa motar.

"Amaki, bana ma mutum biyu?" in ji ta. Haka take kiransa, wato baffa.

"Biyu. Ni da Nodir."

"Rabonsa da sitiyarin nan fa shekara tara."

"Ke dai rubuta, 'yata. In ya sauka ya ce zai zaga gari, sai in ce masa doka ta hana?"

Direbobin tasha suna yi masa tsiya. "Dattijo, mu don bakin 'yan sanda muke yankarta, kai kuma har da wankan zuwa biki! Takardar da ko madubi ba ta gyara maka!"

"Ai ba don madubinku aka yi ta ba," yakan ce. "Don wanda za ku taka ne."

Wata safiya a tsakiyar sanyi, titi ya yi ƙanƙara. A kwanar masallacin unguwa ya taka birki, motar ta ƙi tsayawa, ta kwashi wani mai gurasa da ke kan keke, sannan ta daki turken lantarki. Sunan mutumin Sotiboldi, mai 'ya'ya shida. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. 'Yan sanda suka auna, suka ce laifin direba ne. Holmirza bai musa ba.

Kamfanin inshora ya biya asibiti, ya biya keken. Da ba don haka ba, da sai an ɗaga gidansa. Game da Damas kuwa, wadda gabanta ya lotse, Zebiniso ta sunkuyar da kai.

"Amaki, irin taka ta wanda aka cuta ce kawai. Mai gyara motar mutum daban take, ta fi tsada."

"Na sani, 'yata. Na zo ne dai in ji da kunnena."

Aka ja motar aka ajiye ƙarƙashin inabin tsakar gidansa. Ya kira Nodir. Ta katanga na ji ƙarshen maganar: "A'a, ban ji ciwo ba. To, in sayar. To. Gai da yara."

Kullum yakan ɗauki koren shayi da shinkafar da ya dafa da kansa ya tafi asibiti. Ɗakin cike yake da dangin Sotiboldi, sai ya raɓe a bakin ƙofa.

"Shigo mana, maharbi!" Sotiboldi kan ɗaga murya. "Ka karya mini ƙafa, yanzu kuma da wannan ɗanyar shinkafar za ka ƙarasa ni?"

Kowa ya kwashe da dariya, har shi. Ban taɓa ganin Holmirza da walwala irin ta waɗannan makonni biyar ba. Ya koyi sunayen yaran duka, ya san wanda ba ya cin albasa.

Da aka sallami Sotiboldi, sai Holmirza ya rasa inda zai je da safe. Sau biyu aka aiko masa da gurasa mai zafi. Ya kai musu ziyara sau ɗaya, ya tarar kowa na cikin hidimar tanda, ya sha shayi a tsaye ya dawo. Ba wanda ya yi masa laifi.

Da bazara wani bakanike ya sayi motar. Yanzu Holmirza yakan je tasha bayan karin kumallo, ya shiga motar ƙauye, ya zauna gaba, ya biya kuɗinsa kamar kowa. Yana nuna wa direba inda ramuka suke. In an kai ƙarshen hanya ba ya sauka, sai ya jira ta cika a dawo da shi.