Sunayen da Malam Haliru Ya Raɗa wa Wasiƙu

Malam Haliru mutumin Furfuri ne. Shekara goma sha tara ya yi yana bugun tafireta a Sakkwato kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a dawo da shi Gusau, kuma dawowar ta yi masa daɗi ƙwarai. Ana tashi aiki sai ya hau babur, kafin la'asar ta yi sanyi yana cikin dawarsa. Abin da ya nema a duniya ke nan, ya kuwa samu.

Da aka kawo kwamfuta ma'aikatarsu shi aka zaunar gabanta, don ba wanda ya kai shi saurin yatsa. Ta farkon mai baƙin allo ce, sai an buga mata umarni take motsi, ga ta da rowa, ba ta yarda sunan takarda ya wuce harafi takwas. Ya sha wuyarta. Wasiƙa ɗari, sunayensu duk iri ɗaya kamar 'ya'yan zabi. Da aka kawo mai Windows 95, aka ce masa yanzu ya sa suna komai tsawonsa, sai mutumin ya saki jiki.

A garinsu kuwa ba da kwanan wata ake riƙe abu ba. Sai dai a ce shekarar da rafi ya ci gonar wane, ko ranar sunan 'yar wance. Haka ya riƙa raɗa wa wasiƙun gwamnati suna: "Neman taki ranar da akuya ta shigo ofis", "Ta Bunguɗu washegarin ruwan ƙanƙara". Shi ko da barci aka tashe shi zai nemo maka kowace. Amma ranar da bai zo ba, aiki ya tsaya ke nan.

Ƙorafi ya kai kunnen sabon Darakta, Alhaji Bashar, ya ce a mai da shi ofishin Tsafe inda har yanzu tafireta ake bugawa. Hankalin Malam Haliru ya tashi. Daga Tsafe ba a zuwa Furfuri a yi noman yamma, ga gero ya fara kunno kai.

Takardar canjin na kan tebur tana jiran sa hannu aka aiko daga sama ana neman wata wasiƙar irin shuka da aka tura 'Yankuzo bara. An zazzage kabad biyu ba a gan ta ba. Darakta ya zo da kansa ya tsaya bayan kujerar Malam Haliru.

"Malam, kana iya hiddo ta?"

"Ranka shi daɗe, wadda anka rubuta ranad da direba ya aske gemu? Ga ta nan."

Ko minti ɗaya ba a yi ba firinta ta fara kuka. Darakta ya karɓi wasiƙar, amma bai tafi ba. Ya sunkuya yana karanta sunayen da ke jere a allo, yana murmushi, har idonsa ya faɗa kan wani: "Takardar hutu ranar da sabon Darakta ya durƙusa wa masinja yana zaton Babban Sakatare ne". Murmushin ya tsaya. Malam Haliru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Darakta ya ɗago ya ce, "Batun Tsahe na hwasa. Amma wagga, canza mata suna yanzu."

"Sauran hwa, ranka shi daɗe?"

"Bas su."

Da ya fita, Malam Haliru ya yi hamdala, ya share zufa, ya daɗe yana tunani. Sannan ya goge sunan, ya buga: "Takardar hutu ranar da babu abin da ya faru".