Baba Mai Guga da Zazzaɓin Ƙwarƙwata

Tunda Baba Mai Guga ya buɗe shagon wanki, ba wanda ya taɓa ganinsa wajen tela, amma duk layin ba mai kai shi ado. Rigar da aka kawo wanki, sai ta halarci ɗaurin aure a jikinsa kafin ta ga sabulu. Shi a wurinsa ba laifi ba ne, iska yake shayar da ita.

Da zazzaɓi ya kayar da shi, sai ya ce na sauro ne, ya yi ta ɗirkar magani, jiki kuwa ya ƙi. Da ƙuraje suka feso, matarsa ta tasa ƙeyarsa zuwa ɗakin gwaji. Ko a nan sai da ya zura wata shuɗiyar shadda, wai kada a raina shi.

Mai gwajin, wani saurayi mai gilashi, ya ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya ce, "Baba, an taki sa'a an gano da wuri. Zazzaɓin ƙwarƙwatar tufafi ne, akwai magani. Amma kayan wa kake sawa?"

Baba ya san idan maganar ta fita, shago ya mutu. Ya dafe ƙirji. "Ni? Nawa mana!"

Saurayin ya gyara gilashi, ya ƙura wa aljihun shaddar ido. "Wannan ɗigon tawadar ni na yi shi. Shaddata ce, Baba."

Baba ya matso ya rage murya.

"To ɗana, kai ma ɗebi naka jinin. Ka rufa mini, in rufa maka."