Yadda Na Kashe Geron Iya

Ni ba mai dogon karatu ba ne, aji huɗu na yi na koma gona. Yadda abin yake ci mini rai haka zan rubuta shi.

A ɗakin kakarmu Iya, a ƙauyenmu da ke gefen Zakirai, akwai zangarniyoyin gero rataye a saman murhu, hayaƙi na kare su daga ƙwari. Irin shuka ne da ta gada wajen uwarta. Gajere ne, ba shi da kyan gani, amma yana riga geron kowa nuna, shi ke fid da gidanmu daga yunwar tsakiyar damina. A ƙarƙashinsa mu jikoki muke zama bayan magariba lokacin sanyi, muna ɓarar gyaɗa, ita tana iza kara a wuta.

"Kunnenku nawa ne, hannunku na gyaɗa," haka take buɗe tatsuniya. "Kai maigida, na ga kumatunka na motsi." Ni ke nan, haka take tsokanata.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai a wani gari mushe ya faɗa rijiya, ba wanda ya gani. Matar mai gari ce ta fara jan guga. Ta kurɓa ta ji ɗoyi, amma mijinta ne ya sa aka haƙa rijiyar, ga mata sun zuba mata ido. Sai ta ce, "Kai, ruwan nan da sanyi." Ta bayanta ta sha, ta ce a ranta ƙila bakina ne, ita ma ta yaba. Haka gari duka ya sha. Jakin wani mai itace ne kaɗai ya sunsuna ya kau da kai. Mai shi ya ce, "Ka fi matar mai gari baki ne?" Ya zabga masa sanda, masu wucewa suka taya shi. Kwana uku gari ya kwanta da ciwon ciki, jakin nan da tabon duka a gadon baya shi ya riƙa ɗauko musu ruwa daga rafi.

"Ta ƙare a kan wanda ya cinye mini gyaɗa," in ji Iya. "To, a cikinku wa zai zama jakin?"

Muka fashe da dariya. Na ce, "Ni dai ba jaki ba ne."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Na sani, maigida. Abin da nake tsoro ke nan."

Da ta rasu, irin ya dawo hannuna. Sauran dangi sun koma na kasuwa, ni kaɗai na riƙe shi, shekara da shekaru. Sai wata damina ta zo mana da ƙarancin amfani, muka ci har muka taɓa iri, abin da ya rage bai cika ƙwarya ba.

Da bazara ta ja, aka yi ruwan farko. Na je gona da safe na tona da hannu. Danshi bai wuce tsawon yatsa ba, ƙasansa busasshiyar ƙasa. Iya ta koya mini: in danshi bai kai wuyan hannu ba, ka bar irinka a ɗaki. Na sani sarai. Amma ina ɗaga kai na hango Sarkin Noma a gonarsa da sungumi, yana saran ramin shuka. Kafin hantsi kowa ya fito. Gonata kuwa a bakin hanya take.

Maƙwabcina Malam Sule ya tsaya da sungumi a kafaɗa. "Malam Audu, kai naka ruwan daban za a aiko maka? Ko ka fi Sarkin Noma sanin ƙasa?"

Maganar ke nan. Ba wanda ya zare mini ido, ba wanda ya ɗaga mini sanda. Na koma gida na ɗauko ƙwaryar. Maiɗakina Ladi ta tare ni a zaure ta ce, "Malam, ka rage ko tafi ɗaya ne." Na ce mata tun yaushe mace ta fara koya mini noma. Na shuka shi tas.

Ya tsiro kuwa, kore shar. Sai sama ta ɗauke, sati uku ba ɗigo. Ina tsaye ina kallo ya murɗe ya ƙone.

Ba farin ne ke ba ni haushi ba, wannan na Allah ne. Hirar da aka yi a gindin darbejiyar masallaci ce. Malam Sule, da bakinsa, ya ce, "Ni fa tun ranar na san danshin bai kai ba." Wani ya ce shi ma. Kowa ya tona, kowa ya gani, kowa ya yi shiru. Aka juya ga Sarkin Noma, sai ya ce, "Ni na leƙo na ga kun tsaya da sungumi kuna kallon ƙofata. In zauna ku ce na tsufa?"

Ka ji fa. Mu muna bin sa, shi yana bin mu. Gari guda na magidanta masu furfura, ba jaki ko ɗaya.

Su sun sayi wani irin a kasuwa sun sake shuka, har sun manta. Ni na bi dangi gida gida, har wajen ƙanwata da ke aure a Bici, ko wani ya ɓoye zangarniya ɗaya. Babu. Abin da tsohuwa ta tsare daga ƙwari da yunwa duk rayuwarta, ni na binne shi a safiya ɗaya don kada Sule ya yi mini dariya.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta wawayen wani gari ce. Ashe masu hankali take nufi, waɗanda suka ji ɗoyin sarai suka haɗiye. Igiyar da take rataye geron tana nan a saman murhu, ta yi baƙi, na hana a cire. Duk sanda na shiga ɗakin sai na tuna amsar da na ba ta. Ban yi mata ƙarya ba. Ni ba jaki ba ne.