Rijiyar da Ta Sha Kananzir

Arkadi Lobanov mai haƙar rijiya ne daga garin Perm, amma rijiya ɗaya ce ta cinye masa ƙuruciya. A can ƙarshen kudancin duniya take, inda ƙanƙara ta yi kaurin da sai an yi shekaru ana huda ta. Masana sun ce zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa ya narkar da gindin ƙanƙarar, har tafki ya kwanta a wurin, bai taɓa ganin rana ba. So suke su san ko da abu mai rai a ciki, don wai in akwai, ana iya samun irinsa a ƙarƙashin ƙanƙarar duniyar Mars. Arkadi ba ruwansa da Mars. Shi dai ya fito musu da ruwan nan, a ce da hannunsa aka yi.

Ramin ƙanƙara ba ya zama a buɗe, in an bar shi matsewa yake yi. Shi ya sa ake ɗura masa kananzir. Haka Arkadi ya tarar ana yi, haka ya yi, ganga bayan ganga. Sanyi ya cinye masa yatsu biyu. Matarsa Raisa ta gaji da mijin da sai an manta kamanninsa yake dawowa, yana warin fitila, ta kwashe kayanta ta koma wurin yayarta.

Gena mai kula da inji kullum cikin tsokanarsa yake: "Tsoho, matsa daga murhun nan, kar ka tashi da mu gaba ɗaya." Shi kuma sai ya ce masa ya je ya wanke safarsa tukuna.

Ranar da suka huda, ruwan ya taso cikin ramin ya daskare. Aka yanko shi aka aika ɗakin gwaji, Arkadi ya koma Perm ya zauna jira.

Wata masaniya, Larisa Pavlovna, ita ta buga masa waya. Ta ce an ga ƙwayoyin halitta, amma ruwan ya gauraya da kananzir, ba mai iya rantsewa daga tafkin suke ko daga ganga. Ta ce ba laifinsa ba ne. Za a haƙa sabuwar rijiya da ruwan zafi, matasa za su yi aikin.

"To, tawa fa?"

"Rufe ta za a yi, Arkadi."

Ya ce kada su wahalar da kansu, su daina zuba mata mai kawai. Ya ajiye wayar.

Yanzu yana haƙa wa masu lambu rijiya a ƙauyukan Perm, kuma ba ya daɗewa yake cim ma ruwa. In mai gida ya ɗebo kofin farko ya miƙa masa, sai ya ce a zuba wa kabeji, ya ci gaba da naɗe igiyarsa.