Gwiwar Baba Sannu-Sannu

Duk unguwar babu wanda bai san Baba Sannu-Sannu ba, direban motar 'yan makaranta. Yara ne suka laƙaba masa sunan, wai ko jaki na iya wuce shi a hanya. Tun yana saurayi yake riƙe da sitiyari, ga shi har furfura ta cika kai, bai taɓa take ko kaza ba. Da tuƙin nan ya aurar da 'ya'ya, da shi yake rufa wa iyali asiri.

To, sai gwiwar dama ta fara yi masa tsiya. Idan zai taka birki, sai ya ɗora tafin hannu a kanta ya danna, kamar mai tura ƙofar da ta kumbura da damina. Ya san duk ranar da mai makarantar ta ji labari, ranar zai bar kujerar. Iyalinsa kaɗai suka sani, musamman matarsa da ke shafa masa man zafi.

"Malam, gwiwar nan fa ta riga ka tsufa," in ji ta.

"Ke dai shafa. Tare muka zo duniya ni da ita."

Babbar 'yarsa, mai shara a asibiti, ita ta ji ana neman masu ciwon gwiwa don wani bincike a sashen gashin ƙashi. Ta matsa masa, ya bi ta kamar raƙumi da akala.

Likitar, wata siririya mai yawan fara'a, ta manna masa wayoyi a cinya, ta ce da zarar fitila ta kama ya miƙe ƙafa. Fitila ta kama, ya miƙe. A fuskar kwamfuta layi biyu suka yi tsalle, ɗaya a gaba, ɗaya can baya yana jan jiki. Aka sake, aka kuma. Fara'ar likita ta ragu.

"Baba, abin da muke bincike a kai ke nan, yadda ciwo kan sa tsoka jinkirin amsa kira. Taka tana makara ƙwarai. Da motsa jiki za ta iya gyaruwa, amma sai an yi haƙuri. Wane aiki kake yi?"

Ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai.

"Gadi nake yi, likita. A zaune nake wuni."

"Madalla. Da tuƙi ne, da na ce ka dakata tun yau."

Suka kama hanyar gida.

Washegari aka tashi da yayyafi. Ya kwashi yara, suka cika mota da surutu. Kafin makaranta akwai doguwar gangara, a ƙasanta kuma mararraba ce, inda manyan motoci ke wucewa ba sa kallon kowa. Yana isowa bakin gangarar ya so ya taɓa birki don gwaji. Ƙafar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya danna gwiwar da hannu, motar ta zame a kan laka, ta ƙara zamewa, sannan ta tsaya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ya ja birkin hannu, ya sauko yana ɗingishi, ya sa wa taya dutse.

"Kowa ya fito. Yau da ƙafa za mu ƙarasa. A riƙe hannun juna."

"Baba, mota ce ta lalace?" in ji wata 'yar ƙarama.

"Lafiyarta ƙalau, jikata. Mu je."

Ya sa su gaba a gefen titi. Can ƙasa, mai makarantar ta fito bakin ƙofa da laima, ta tsaya riƙe da ƙugu tana jiran isowarsa.