Yadda Na Samo wa Matan Hadayek Tafinta

Duk macen da ta shiga ƙaramin asibitin baƙi da ke unguwar Hadayek el-Maadi a Alƙahira ta tarar da 'yar'uwarta mace tana juya mata Hausa zuwa Larabci, to ni ya kamata ta yi wa addu'a. Ni na tsaya a gaban hukuma har aka yi hakan. Na faɗa a Alƙahira, na faɗa a Kano, na taɓa faɗa wa wani bawan Allah a cikin jirgi ba tare da ya tambaye ni ba, har ya yi barcin ƙarya.

Lokacin ina ɗalibi, ga sabon aure, muna zaune a wani ɗaki can saman bene wanda in ka yi atishawa maƙwabci ne ke ce maka yarhamukallah. Da yake Larabcina ya fi na kowa, aƙalla a ganina, ni nake raka matan 'yan'uwa asibiti ina yi musu tafinta. Aikin ba wuya, domin duk wadda likita ya tambaya me ke damunta, sai ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce ɗan zazzaɓi ne. Mai tsohon ciki ɗan zazzaɓi, mai jego ɗan zazzaɓi. Har likitan ya fara zargin wata cuta ce muka taho da ita daga gida a cikin buhun kuka. Matar Bahaushe ba za ta faɗi ciwon mata a gaban abokin mijinta ba, ko da zai kai ta ƙasa.

Ana nan sai uwargida ta samu ciki, na fari. Cikin fari kuwa a wurinmu ba a ko ambatonsa, ni da nake mijinta ma ban isa ta yi zancensa da ni ba. Na lura ta daina sa takalmanta ta koma nawa, tana kuma yawan ɗaure kai da ɗankwali tamau. In na tambaya sai ta ce, "Lafiya lau, Malam." Ni kuwa in je asibiti in fassara lafiya lau da Larabci mai aji.

A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwar Baturiya 'yar ƙasar Ailan. Wani Bamisire ya auro ta tun tana budurwa, ya rasu ya bar ta da kyanwa da tukwanen furanni. A ƙasarsu ungozoma ce. Matanmu suna kiranta Kaka. Larabcin kasuwa take yi, irin wanda ke sa mai tumatir ya rage farashi don tsoro. Takan gasa wani burodi mai tauri da za a iya gina katanga da shi, ta tara matan da yamma suna sha da shayi, wata Bahaushiyar Sudan da ta tashi da harsunan biyu tana fassara musu.

A wurin shayin nan take ba su labarin matan ƙasarsu. Ta ce a ƙauyensu da mata ke ɗauko ruwa a bokiti, su suka dame gwamnati har aka ja famfo. Ta ce ɗan tallafin da hukuma ke bayarwa saboda yara a hannun uba ake danƙa shi, sai da mata suka yi ta sintiri kafin aka mayar da shi hannun uwa. Ta ce a da, mace in ta yi aure sai ta ajiye aikin gwamnati, wannan ma mata ne suka ƙi yin shiru. Dabararsu kuma ba ta da wani asiri. Wakilin yankinsu yana da ranar da yake zama ya saurari jama'a, sai su je masa su da yawa, da 'ya'yansu da kayan saƙarsu. Buƙata ɗaya tak suke kai masa, kuma ita suke fara faɗa tun kafin su zauna. In ya ce zai duba, su yi godiya, su dawo mako mai zuwa.

Da ta ji labarin ɗan zazzaɓi, sai ta tare ni a bakin bene. Ta ce, "Ya ɗana, matan nan tafinta mace suke bukata. Akwai ofishin da ke kula da irin wannan asibiti a unguwar Dokki. A je a faɗa wa mudir."

Na ce, "Kaka, kwantar da hankalinki. Wannan aikin maza ne."

Muka shirya mu manyan ɗalibai. Na sa babbar rigar ɗaurin aurena, wadda sitacinta ya sa sai a karkace na shiga jirgin ƙasa. Mudir, wato shugaban ofishin, ya karɓe mu hannu biyu. Na miƙe na yi jawabi. Na yabi Kogin Nilu, na yabi malaman Masar na da da na yanzu, na kawo tarihin mahajjatanmu da suka ratsa ta nan a kan raƙuma. Mutumin har ya goge ido. Aka kawo shayi, aka ɗauki hoto. Buƙatar kuwa na adana ta, domin a gidanmu ba a faɗa wa babban mutum buƙata a tsakar zaure kamar mai karɓar haraji. Sai ya taso rakiya, an kai bakin ƙofa, sannan ka rage murya ka ce, af, dama akwai 'yar magana. Na yi ta jiran rakiya. Shi kuwa mudir ya miƙo hannu daga bayan teburinsa, ya ce mun haskaka Masar, ya danna ƙararrawa. Kafin mu ankara muna kan titi, motoci na yi mana ham.

Da na dawo Kaka ta tambaye ni me ya ce game da tafintar. Na ce ai mun share fage, irin wannan magana ba a yi mata gaggawa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Tamam, ya yi. Mako mai zuwa za ka raka mu. Muna bukatar mai ɗaukar kaya."

Ranar da muka koma, Dokki ba ta taɓa ganin irinta ba. Mata suka cika benci, suka cika ƙasa, masu goyo da masu ciki. Kaka ta fito da saƙarta, wata ta fito da hular da take ɗinki, wata ta buɗe ƙullin gyaɗa. Yara suka gano ƙofar mudir tana ƙara in an tura ta, suka mayar da ita abin wasa. Sakatare ya ce a dawo gobe. Kaka ta ce ma'alish, ba komai, ba ma sauri, ta ci gaba da saƙa. Ni ina tsaye da ƙaton filas ɗin shayi da ledar burodi, ina bitar sabon jawabi a zuci.

Da aka gaji aka shigar da mu, ko sallama Kaka ba ta gama ba ta ce, "Muna son tafinta mace a asibitin Hadayek." Kunya ta kama ni a madadinta, ko lafiyar iyalinsa ba ta tambaya ba.

Mudir ya nuna ni ya ce, "Ga ustaz nan, Larabcinsa ya fi nawa."

Na gyara tsayuwa. Kaka ta jawo hannun uwargida ta ce masa ya tambaye ta da kansa me ke damunta. Ya tambaya, na fassara, uwargida ta dubi ƙasa ta ce lafiya lau, na fassara.

Kaka ta ce, "Yalla, ustaz, fita waje. Ka tafi da filas, ka tafi da yaran."

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi. An sa mudir ya juya kujerarsa ya fuskanci taga, Bahaushiyar Sudan ta matso kusa da uwargida ta tambaye ta a hankali. Sai ga magana. Ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa ba dare ba rana, wani lokaci har gani take dishi-dishi. Kaka na jin haka ta ajiye saƙa ta ce wannan hawan jini ne na masu ciki, yana kashewa, yau ɗin nan za a kai ta asibiti. Mudir, mai 'ya'ya mata ne shi ma, ya ɗaga waya. A motar ofishin aka tafi da ita. Ni a lokacin ina baranda, yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya yana jan rigata, ina rarraba burodin da ya gagari haƙoransu.

An kwantar da ita har ta sauka lafiya. Tafintar ba a ranar aka ba da ita ba, sai da matan suka yi ta komawa har sakataren ya san sunan kowane yaro, sannan aka ɗauki Bahaushiyar Sudan aiki. 'Yar da aka haifa yanzu tana jami'a, ta fi ni tsawo, ta kusa ta fi ni surutu.

Kaka ta koma ƙasarsu da tsufa ya ci ƙarfinta, can Allah ya karɓi abarsa. Inda take zaune a da, yanzu shagon gyaran waya ne. In na bi ta wurin da yamma nakan rage tafiya, sai in ji kamar zan jiyo ƙarar cokali a kofi da dariyar matan nan, waɗanda yawancinsu sun watse, wasu Zinder, wasu Sakkwato. Ko burodin nan nata, da zan samu yau, da na ci ban yi ƙorafi ba.

Kwanan baya sababbin ɗalibai suka zo gaishe mu, na zaunar da su na ba su labarin tun daga farko, yadda na girgiza Dokki da jawabi har hukuma ta sallama. Uwargida tana zuba musu shayi. Da na kai ƙarshe na ce, "Hajiya, ke ce shaida, faɗa musu rawar da na taka."

Ta ajiye buta ta ce, "Gaskiya ne, Malam ya yi ƙoƙari. Har muka fito filas ɗin nan bai faɗi ba."